Walt Disney: Tsakanin Baƙo Da Mai Gida

Da wuya a sami gidan ɗan boko a Arewa da yaransa ba su san ɓeran nan Mickey Mouse ba, amma iyaye ƙalilan ne suka san tarihin ubangidansa, alhali akwai darasi a cikinsa ga duk mai kishin al'ada.

An haifi Walt Disney a birnin Chicago na Amurka ranar 5 ga Disamba, 1901. Ya yi ƙuruciyarsa a ƙauyen Marceline, sannan a Kansas City, inda yake tashi da asuba yana rarraba jaridu. Kamfaninsa na farko na zanen katun ya karye a 1923, sai ya tattara ya nufi Hollywood, suka kafa wani shi da wansa Roy. A 1928 Mickey ya fito, a 1937 kuma suka saki Snow White, dogon fim ɗinsu na farko.

Tun da wuri Disney ya gane cewa baƙo ba ya shiga gari ba tare da ɗan jagora ba. A 1941 ya zagaya ƙasashen Kudancin Amurka da masu zanensa, suna kallon sutura da kiɗa da raye-raye. Da ya tashi kai agwagwarsa Donald Duck ƙasar Brazil a fim, sai ya ƙago wani aku ɗan ƙasa, José Carioca, ya zama mai masaukinsa.

A 1955 ya buɗe Disneyland a Kalifoniya, ya kasa wurin unguwa-unguwa, kowace da irin gininta da tufafin ma'aikatanta, don kada wata ta shiga gonar wata. Ya rasu ranar 15 ga Disamba, 1966, sakamakon ciwon dajin huhu.

Bayan rasuwarsa ne magadansa suka buɗe Epcot a Florida a 1982, inda aka keɓe wa ƙasashe unguwanni, yau guda 11. Ta Maroko, wadda aka buɗe a 1984, Sarki Hassan na Biyu ne ya aika da magina daga ƙasarsa suka ƙawata ta. To amma yara ba gini suke zuwa kallo ba, kuma kasuwa ba ta da kunya. Sannu a hankali aka shigo da Aladdin da Jasmine unguwar Maroko, alhali garinsu Agrabah babu shi a taswira. A 2016 aka sauya wasan jirgin ruwan da ke ba da labarin Norway da na fim ɗin Frozen. Layin masu kallo ya ƙaru, masu suka kuwa suka ce baƙo ya kori mai gida. Wannan ce taƙaddamar da Disney ya bari: ya iya girmama masauki, amma kamfanin da ya gina abincinsa na hannun baƙin.

Mai karatu, mu ma ba mu tsira ba. Dubi bangon makarantun rainon yara da wuraren wasan Sallah a Kano: ɓeran Disney ne ko'ina, babu Gizo, babu Ƙoƙi, babu Botorami. Ranar da aka tashi gina wurin shaƙatawa a bakin madatsar ruwan Challawa da ke Ƙaraye, yaron Kafin Dafga zai so ya ga abin da ya saba gani a waya, kuma hana shi ba dabara ba ce. Dabarar ita ce ta 1941: a zana namu da kyau, a ba su murya da labari, su tsaya a bakin zaure su tarbi Mickey. Hausawa sun ce baƙo raɓa, ɗan gari kaba. Amma kabar da ba a kula da ita ba, wata rana sai a neme ta a rasa.

Allah Ya sa masu zanenmu da masu kuɗinmu su ji.