Colin Chapman: Injiniyan da ya kife fiffiken jirgi domin motar tsere ta kama ƙasa

Duk shekarar da kamfanonin gasar Formula 1 suka yaye lulluɓin sabbin motocinsu, masana ba inji suke fara dubawa ba. Fikafikai da cikin mota ta ƙasa suke leƙawa, domin a nan ake gane wadda za ta yi zarra. Kaɗan ne suka taka rawa wajen sauya wannan lissafi kamar Anthony Colin Bruce Chapman, wanda ya kafa kamfanin Lotus.

An haifi Chapman ranar 19 ga Mayu, 1928, a Richmond da ke Ingila. Ya yi karatun injiniya a University College London, ya koyi tuƙin jirgin sama yana ɗalibi, sannan ya yi ɗan zama a rundunar sojan saman Birtaniya. A 1948 ya gyara wata tsohuwar Austin 7 ya mayar da ita motar gasa. A 1952 ya kafa Lotus, da taimakon fam 25 da Hazel Williams, wadda ya aura daga baya, ta ranta masa.

Tun daga farko aƙidarsa ita ce rage nauyi. A ganinsa, ƙarfin inji a miƙaƙƙiyar hanya kawai yake amfani, amma rashin nauyi yana amfani ko'ina, har a kwana da wajen taka birki. Ya jawo Frank Costin, masanin tafiyar iska daga kamfanin jiragen sama na de Havilland, ya tsara bodin Lotus Mark VIII a 1954. Su biyun ne kuma suka yi aiki a kan motar Vanwall, wadda ta ci kambun kamfanoni na farko a 1958.

A 1962 ya fito da Lotus 25. Maimakon ƙwarangwal na bututun ƙarfe, sai ya ƙera jikin motar da fallen alminiyum mai kama da kwale-kwale, direba yana kishingiɗe a ciki domin kada ya tare iska. Da ita Jim Clark ya ci bakwai daga cikin tsere goma na 1963. A 1965 Clark ya sake zama zakaran duniya, ya kuma lashe tseren Indianapolis 500 a Amurka da Lotus 38, karo na farko da mota mai inji a baya ta yi nasara a can.

Daga nan Chapman ya koma kan iska gadan-gadan. Wanda ya taɓa fitar da hannu ta tagar mota a tafiya daga Gwadangaji zuwa Argungu ya san sirrin: idan ya karkata tafinsa sama iska ta ɗaga shi, idan ya karkata shi ƙasa ta danne shi. Fiffiken jirgi ɗagawa yake yi. Idan aka kife shi aka ɗora wa mota, sai ya danne ta, tayoyi su ƙara kama kwalta, direba ya sha kwana ba tare da rage gudu sosai ba. Lotus 49B ta bayyana da irin waɗannan fikafikai a Monako a 1968, a shekarar da Graham Hill ya zama zakara.

Sai dai fiffike yana jan mota baya a miƙaƙƙiyar hanya. Maganin wannan ya samu ne a ɗakin gwajin iska na Imperial College, inda Peter Wright da abokan aikinsa suka gano cewa cikin motar kansa zai iya zama fiffike. Aka lanƙwasa ƙasan ɓangarorinta biyu yadda iska za ta matse ta ƙara sauri, matsinta ya ragu, ƙasa ta riƙa zuƙo motar. Aka kuma sa wasu faranti a gefe suna shafar kwalta domin kada iskar waje ta kutsa. Haka aka samu Lotus 78 a 1977, sai Lotus 79 wadda Mario Andretti ya zama zakara da ita a 1978. A zamanin Chapman, Lotus ta ci kambun kamfanoni sau bakwai, na direbobi sau shida.

Nasarar ba ta zo a arha ba. An sha zarginsa da rage ƙarfe har mota ta rasa ƙwari. Clark ya rasu a haɗari a Hockenheim ranar 7 ga Afrilu, 1968. A tseren Sifaniya na 1969 dogayen fikafikan motocin Hill da Jochen Rindt suka karye, abin da ya sa aka haramta irinsu. Rindt ya rasu a Monza a 1970, a cikin Lotus 72 da aka cire wa fikafikai domin ƙarin gudu, kuma shi kaɗai ne aka taɓa naɗawa zakaran duniya bayan mutuwarsa. Ronnie Peterson ma ya rasu bayan haɗari a wannan fili a 1978.

Shekarunsa na ƙarshe sun zo da ɗaci. Mahukunta suka hana Lotus 88 shiga gasa a 1981, sannan badaƙalar kuɗin kamfanin DeLorean, wanda gwamnatin Birtaniya ta zuba wa jari, ta shafi sunansa. Bugun zuciya ya yi ajalinsa ranar 16 ga Disamba, 1982, yana da shekara 54, kafin magana ta kai kotu. Daga baya aka ɗaure Fred Bushell, mai kula da kuɗin Lotus, a kan wannan batu.

A 1983 aka tilasta wa motoci shimfiɗaɗɗen ciki domin gudunsu a kwana ya fara wuce kima. Amma a 2022 masu tsara dokokin Formula 1 suka dawo da dabarar, saboda tana bai wa mota damar bin ta gabanta kusa da kusa. Shekara arba'in bayan rasuwar Chapman, injiniyoyi suka sake durƙusawa suna nazarin abin da ya fara a ƙarƙashin Lotus 78.