Shehu Halilu Ɗan Ahmad, Malamin Da Ya Ɗanɗana Haruffa

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. 'Yan'uwa Musulmi, a wannan mako mun kawo muku taƙaitaccen tarihin Shehu Halilu ɗan Ahmad Alfarahidi.

An haife shi a shekara ta 100 bayan Hijira, wato 718 Miladiyya. Asalinsa mutumin Oman ne, amma a Basra ta ƙasar Iraƙi ya yi zamansa. Mai gudun duniya ne ƙwarai, a bukka ya zauna, alhali kuwa almajiransa suna samun dukiya da ilminsa. Shi ne ya tsara Aruli, ma'aunin waƙar Larabci, shi ne kuma malamin Sibawaihi, limamin Nahawu.

Abin da ya fi shafarmu cikin ayyukansa shi ne binciken mafitar haruffa. A zamaninsa babu na'urar leƙa maƙogwaro, sai kunne da natsuwa. Yakan buɗe baki da alifi, ya kawo harafi da ɗauri, kamar ab, at, ah, sa'an nan ya saurara. Daga sautin yake gane inda iska ta tokare, da wurin da harshe ya taɓa. Da haka ya jera haruffa tun daga maƙogwaro, zuwa tushen harshe, da tsakiyarsa, da tsininsa, har leɓɓa. A kan wannan jeri ya gina ƙamus na farko a Larabci, Kitabul Aini, domin da harafin aini ya fara.

To, mu Hausawa muna da bukatar wannan dabara. Dubi yadda harafin dadi ya koma la a bakinmu: alwala, farilla, alƙali. A hirar duniya wannan ba laifi, amma karatun Alƙur'ani yana son a ba kowane harafi haƙƙinsa. Saboda haka malamin da ke biya wa yara a Funtuwa ko Malumfashi, in ya ji yaro ya sauya harafi, kada ya tsaya ga tsawa. Ya saurara irin ta Halilu, ya gane inda harshen yaron ya sauka, ya nuna masa inda zai mayar da shi.

Ya rasu a Basra a shekara ta 170, waɗansu suka ce 175. Allah Ya jiƙansa, Ya amfane mu da ilminsa, amin.