Selman Waksman: Malamin Ƙasar Noma Da Ya Buɗe Hanyar Maganin Tarin Fuka

Mai karatu, idan ka taɓa ganin wanda tarin fuka ya kama, ya rame har haƙarƙarinsa suka fito, sa'an nan bayan wata shida ka gan shi ya koma gona da ƙarfinsa, to, ka ga albarkar wani aiki da aka fara a Amurka fiye da shekara 80 da suka wuce. Shugaban wannan aiki kuwa ba likita ba ne. Malamin binciken ƙasar noma ne, sunansa Selman Abraham Waksman.

An haife shi ran 22 ga watan Yuli, 1888, a wani ƙaramin gari da ake kira Nova Pryluka, a ƙasar Yukren, wadda a lokacin take ƙarƙashin mulkin sarkin Rasha. Iyayensa Yahudawa ne. Tun yana yaro ya san zafin rashin magani, gama ciwon mashaƙo ya kashe ƙanwarsa tana ƙarama. Ya yi jarrabawar gama sakandare a birnin Odesa, amma da yake a zamanin nan ana tsananta wa Yahudawa wajen shiga jami'a, sai ya yi ƙaura zuwa Amurka cikin 1910.

Da ya isa, ya sauka a gonar danginsa a jihar New Jersey, yana taya su aiki. Daga nan ya shiga kwalejin Rutgers, ya karanta ilmin aikin gona, ya sami digirin farko cikin 1915, na biyu cikin 1916. A wannan shekara ya yi aure, ya kuma zama ɗan ƙasar Amurka. Cikin 1918 ya sami digirin dakta a Jami'ar Kalifoniya, sa'an nan ya komo Rutgers, inda ya yi sauran aikinsa duka.

Abin da ya fi jan hankalinsa shi ne ƙananan halittun da ke cikin ƙasa, waɗanda ido ba ya gani. Su ne ke ruɓar da ganye da kashin shanu su mai da su taki, wasunsu kuma su ne ke ba ƙasa ƙamshin nan da muke ji in ruwan fari ya sauka. Ya lura cewa waɗannan halittu suna yaƙi da juna, wata takan fitar da sinadarin da zai hana wata girma. Cikin 1939 wani tsohon almajirinsa, René Dubos, ya samo irin wannan sinadari daga ƙasa. Wannan ya sa Waksman ya juya da almajiransa wajen neman magani gadan-gadan. Suka samo ɗaya cikin 1940, wani kuma cikin 1942, amma dukansu biyu suka zama da dafi ƙwarai ga jiki. Tun daga nan ya koyi cewa abin da ke kashe ƙwayar cuta yana iya cutar da mai ciwon ma.

A lokacin nan tarin fuka ba shi da magani. Robert Koch, Bajamushe, ya gano ƙwayar cutar tun 1882, amma abin da likitoci ke iya yi shi ne su kwantar da mutum, su ba shi abinci mai kyau da iska, wani lokaci su yi masa aiki a huhu. Ko fenisilin ma ba ta taɓa wannan ƙwaya.

Cikin 1943 wani almajirinsa mai shekara 23, Albert Schatz, ya ɗauki aikin. Saboda haɗarin ƙwayar cutar, a ɗakin ƙarƙashin gini ya yi ta gwaje-gwajensa dare da rana. A watan Oktoba na shekarar ya ware sinadarin da aka sa wa suna sitireptomaisin. Ya samo halittar da ke fitar da shi daga ƙasar wata gona da ta sha taki, da kuma maƙogwaron wata kaza. Likitoci biyu na asibitin Mayo, William Feldman da Corwin Hinshaw, suka gwada shi a kan dabbobi, sa'an nan a watan Nuwamba 1944 suka ba wata budurwa da ke bakin mutuwa, ta kuwa rayu. Kamfanin Merck, wanda ya tallafa wa binciken, ya yarda ya saki haƙƙinsa domin sauran kamfanoni su ma su sarrafa maganin.

Murna ba ta daɗe ba sai darasi ya biyo baya. A Ingila aka yi gwaji a kan mutum 107, aka buga sakamakon cikin 1948. Daga cikin 55 da aka yi wa allurar, 4 suka mutu cikin wata shida. Daga cikin 52 da aka kwantar kawai, 14 suka mutu. Amma a jikin yawancin waɗanda aka bincika, ƙwayar cutar ta riga ta saba da maganin, ba ya ƙara kama ta. Ashe an kashe maciji ne ba a sare kansa ba. Banda wannan, allurar takan jawo jiri da kurumta, takan taɓa ƙoda, idan kuma mace mai ciki ce, tana iya kurumtar da jaririn. Shahararren marubucin nan George Orwell ya sha wahalarta cikin 1948 har aka dakatar da ita, tarin ya kashe shi cikin 1950.

Maganin wannan matsala shi ne haɗa magunguna, gama hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ƙwayar da ta kuɓuce wa magani ɗaya, na biyu ko na uku zai kama ta. Da aisoniyazid ya fito cikin 1952, John Crofton da abokan aikinsa a birnin Edinbara suka nuna cewa idan aka haɗa magani uku, aka sha su ba fashi har ƙarshe, kusan kowa zai warke.

Shi kuwa Waksman, ɗaukaka ta zo masa tare da tabo. Cikin 1950 Schatz ya kai shi ƙara, domin ya ga kuɗi da suna duk sun tafi wajen malaminsa. Aka sasanta, aka amince cewa tare suka gano maganin, aka ba Schatz kashi 3 cikin 100 na kuɗin. Duk da haka, cikin 1952 Waksman kaɗai aka ba lambar Nobel. Sai cikin 1994 Rutgers ta karrama Schatz da lambar yabonta. Wannan abin lura ne ga kowane shugaba da ke da ƙananan ma'aikata a ƙarƙashinsa. Waksman ya zuba kuɗi mai yawa daga ribar maganin wajen kafa cibiyar binciken ƙananan halittu a Rutgers, wadda aka buɗe cikin 1954. Ya rasu ran 16 ga watan Agusta, 1973, yana da shekara 85. A kan dutsen kabarinsa an rubuta kalmomi daga Ishaya sura 45 aya 8, inda annabin ya ambaci ƙasa da ceto tare.

Yau sitireptomaisin ba ya cikin magungunan farko da ake ba sabon mai tarin fuka. Ƙwayoyi huɗu ake haɗawa: rifamfisin, aisoniyazid, firazinamaid da etambutol na wata biyu, sa'an nan biyun farko na wata huɗu. Tsarin shan magani a gaban mai lura, wanda Dakta Karel Styblo ya gwada a Tanzaniya da wasu ƙasashe har da makwabciyarmu Jamhuriyar Benin, shi ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta runguma bayan ta ayyana cutar a matsayin abin gaggawa cikin 1993.

'Yan'uwa na Bagudo, Illo, Kaoje, Lolo da Tsamiya, darasin 1948 namu ne. Mutanenmu matafiya ne: wannan ya bi kogin Kwara wajen su, wancan ya haye Segbana ko kasuwar Malanbil, wani ya bi shanu. Mutum yakan ji sauƙi bayan 'yan makonni, ya yi tafiya, ya bar magani. Ta haka ake samun tarin da ba ya jin magani, wanda jinyarsa ta fi wuya, ya kuma shafi iyali.

Saboda haka, wanda tari ya kai masa mako biyu, ya je asibiti a auna kakinsa. Maganin kyauta ne a cibiyoyin gwamnati; kada a saya a kasuwa, kada a yi allura wurin wanda ba ma'aikacin lafiya ba. Idan tafiya ta kama, a gaya wa ma'aikaci tun da wuri, a riƙe katin magani. Fitsari ya yi ja-ja saboda rifamfisin, wannan ba abin tsoro ba ne. Amma idan ido ya yi rawaya, ko amai ya tsananta, ko gani ya dushe, ko ƙuraje suka feso, a koma asibiti ran nan. A guji giya, gama tana ƙara wa hanta nauyi. Mai ciki, da mai shan ƙwayar tazarar haihuwa, da mai shan maganin ƙanjamau, su sanar da likita kafin su fara. Mu kuma da ke kusa da mai jinya, kada mu guje shi. Mu riƙa tuna masa kowace safiya har wata shidan su cika.