Emile Berliner, Mutumin da Ya Ƙago Garmaho

In aka tambayi ɗalibai wa ya fara ɗaukar muryar mutum a na'ura har aka sake jin ta, da yawanmu za mu ce Thomas Edison, kuma ba mu yi ƙarya ba. Amma faifan nan baƙi da iyayenmu suka ji Mamman Shata da Ɗan Maraya Jos a kansa ba aikin Edison ba ne. Aikin wani Bajamushe ne mai suna Emile Berliner, wanda ko a aji ban taɓa jin an ambace shi ba. Kalmar garmaho ma da muke faɗi da Hausa, daga sunan da ya raɗa wa na'urarsa ta fito. Shi ya sa na ga ya kamata in ba 'yan uwana ɗalibai da iyayenmu tarihinsa.

An haife shi a birnin Hanover na ƙasar Jamus ran 20 ga watan Mayu, 1851, a gidan wani ɗan kasuwa Bayahude mai 'ya'ya da yawa. Yana da shekara 14 ya bar makaranta ya shiga neman abin kansa. A 1870 ya hau jirgin ruwa zuwa Amurka, ya sauka a Washington, ya zama yaron kanti. Daga nan ya wuce New York, inda ya yi ta ƙananan ayyuka, har da wanke kwalabe a ɗakin gwajin wani masanin kimiyya. Da dare kuwa sai ya tafi makarantar Cooper Union ya koyi ilmin lantarki da na sauti. Iyakar karatunsa ke nan, ba digiri ba komai.

A 1876 Alexander Graham Bell ya fito da wayar tarho, amma muryar da take kaiwa ba ta da ƙarfi. Berliner ya duƙufa a ɗakin da yake haya, a 1877 ya ƙera wani irin makirufo da ya ƙara mata ƙarfi. Kamfanin Bell ya sayi wannan ƙirƙira, ya kuma ɗauke shi aiki a Boston. A nan ne ya sami jari. Ya yi aure a 1881, ba da daɗewa ba ya koma Washington ya buɗe ɗakin gwaji nasa na kansa.

To, a nan ne nake so mai karatu ya natsu, domin nan ne gindin maganar. Na'urar da Edison ya yi a 1877 tana ɗaukar murya ne a jikin wani abu mai kamar gwangwani. Allura tana nutsewa tana tasowa a jikinsa gwargwadon ƙarfin muryar. Abin mamaki ne ƙwarai a lokacin, sai dai yana da aibi babba: a shekarun farko ba wata hanya mai sauƙi ta kwafar gwangwanin. In ana son da yawa, sai mawaƙi ya yi ta maimaita waƙa ɗaya a gaban na'urori har maƙogwaronsa ya bushe.

Berliner ya sauya abu biyu. Ya bar gwangwani ya koma faifai shimfiɗaɗɗe. Sa'an nan, maimakon allura ta riƙa hawa da sauka, sai ya sa tana karkaɗawa dama da hagu a cikin wani siririn kwari mai zurfi ɗaya, wanda ya naɗe kamar gammo daga bakin faifan zuwa tsakiya. Yakan shafe faifan tutiya da kakin zuma, allura ta zana murya a kan kakin, sa'an nan ya tsoma faifan cikin ruwan asid, ruwan ya cinye wurin da allura ta bi. Daga wannan uwar faifai sai a yi hatimi na ƙarfe, a yi ta buga ɗaruruwan faya-fayai kamar yadda ake buga littafi a maɗaba'a. Ya sami takardar mallakar wannan ƙirƙira a watan Nuwamba 1887, ya kuma nuna ta a bainar jama'a a Philadelphia a 1888. A ganina wannan dabara ta bugawa ita ce ta mai da waƙa hajar da talaka zai iya saya ya kai gida.

Farkon abin dai ba daɗin ji. Wani kamfanin kayan wasan yara a Jamus ne ya fara sayar da garmaho, da 'yan faya-fayai masu faɗin inci 5. A 1894 Berliner ya fara sayar da masu inci 7 a Amurka, na roba mai tauri, daga baya ya koma shelak, wato wani irin ƙaro da wasu ƙananan ƙwari suke fitarwa a jikin itatuwa a Indiya. Da hannu ake juya faifan, in hannu ya gaji sai muryar mawaƙi ta ja kamar mai jin barci. Wani maƙeri a Camden mai suna Eldridge Johnson ne ya yi maganin wannan a 1896, da ya ƙera injin da ake wanawa kamar agogo.

Akwai wani abu kuma da ba kowa ke lura da shi ba. A na'urar Edison, wani sukuru ne yake tura allura gaba. A ta Berliner kuwa kwarin faifan da kansa ne yake jan allurar har zuwa tsakiya, saboda haka dole a ɗora ta a kan hannu mai lilo ba tare da cijewa ba. A garmahon farko nauyin ƙahon ma yana kan allurar, sai faifai ya yi ta cinyewa, allurar ƙarfen kuma a kan sake ta bayan kowace waƙa. Kamfanin Johnson ne ya raba ƙaho da hannun a farkon shekarun 1900. Tun daga nan masu ƙera garmaho suke fama da tambayoyi biyun nan da Berliner ya bar musu, yadda faifai zai juya daidai ba rawa, da yadda hannu zai bi kwari ba tare da ya danne shi ba. A da nauyin da ke kan allura ya fi giram 100, yau kuwa wajen giram 2 ne. Kamfanin SME na Ingila ya yi suna tun 1959 da ƙera hannu kaɗai, mai saye ya zaɓa ya ɗaura wa garmahonsa. Wasu masu sha'awa sun fi son injin da ke juya faifai da bel ɗin roba, irin Linn Sondek LP12, don kada girgizar injin ta kai ga allura. Wasu kuma sun fi son wanda injin ke juya faifan kai tsaye, irin wanda Technics na Japan ya fito da shi a 1970. Ni dai duk musun nan nasu a kan shimfiɗar Berliner na ga suna yin sa.

Sai dai shi mai shimfiɗar bai ci moriyarta a Amurka yadda ya kamata ba. Ya ba wani mutum mai suna Frank Seaman wakilcin sayar da garmahonsa. Suka ɓata a kan riba, Seaman ya koma ƙera nasa mai suna Zonophone, ya haɗa kai da abokan gasar Berliner, aka shiga kotu. A 1900 kotu ta hana Berliner sayar da abin da shi ya ƙago a cikin Amurka. Dole ya mai da cinikinsa Montreal ta ƙasar Kanada. Johnson ne ya gaji kasuwar Amurka, ya kafa kamfanin Victor a 1901, aka ba Berliner kaso a ciki. Kafin wannan rikici, a 1898, an riga an kafa kamfanin garmaho a Landan, shi da ƙanensa Joseph kuma sun kafa Deutsche Grammophon a garinsu Hanover, wanda har yau yana nan yana fitar da kiɗa. Hoton karen nan mai saurare a bakin ƙaho, wanda tsofaffinmu suka sani a jikin faya-fayai, wani Bature ɗan Ingila mai suna Francis Barraud ne ya zana shi, Berliner kuma ya yi masa rajista a Amurka a 1900.

Abin da ya fi burge ni game da shi ba ya cikin garmaho. 'Yarsa ta yi ciwon ciki mai tsanani tana jaririya, a zamanin da gurɓatacciyar madara take kashe yara da yawa a Washington. Daga nan ya ɗauki shekaru yana kashe kuɗinsa wajen wayar da kan iyaye mata su dafa madara kafin su ba jarirai, yana kuma matsa wa hukuma ta sa doka a kan masu sayarwa. A 1908 ya kafa tallafin karatu da sunan mahaifiyarsa Sarah, domin mata masu binciken kimiyya. Ya kuma taɓa harkar jirgin sama mai saukar ungulu, shi da ɗansa Henry, har suka gwada wa sojojin Amurka ɗaya a 1922, ko da yake bai yi nisa da ƙasa ba.

Ya rasu a Washington ran 3 ga watan Agusta, 1929, yana da shekara 78. A cikin wannan shekarar ne kamfanin Edison ya daina yin faya-fayai da gwangwanayen nasa baki ɗaya. Faifan Berliner kuwa ya ci gaba. A 1948 kamfanin Columbia ya fito da dogon faifai mai juyi 33 da sulusi a minti ɗaya. Kaset ya zo, CD ya zo, aka ɗauka an gama da shi, sai ga shi a 2022 yawan faya-fayan garmaho da aka sayar a Amurka ya zarce na CD, karo na farko tun 1987.