Alhaji Grunshi, sojan da ya fara harbi

A birnin Tamale, a arewacin ƙasar Gana, akwai wani babban barikin soja da ake ce wa Kamina. Amma Kamina ba sunan Gana ba ne. Sunan wani ƙauye ne na ƙasar Togo, kusa da garin Atakpame. Dalilin da ya kawo wannan suna Tamale yana cikin labarin wani soja mai suna Alhaji Grunshi da abokan yaƙinsa.

Grunshi sunan ƙabila ne, wato Gurunsawa. Suna zaune a arewacin Gana da kudancin Burkina Faso. Manoma ne, suna shuka gero da dawa da gyaɗa, suna kiwon awaki da kaji. A ƙarshen ƙarni na 19 sun sha wuya ƙwarai. Mayaƙan Zabarmawa, a ƙarƙashin Babatu, sun yi ta kai musu hari suna kama bayi. Gonaki da yawa suka zama kufai. Da Turawan Ingila suka mallaki ƙasar, suka haɗa ta da Gwalkwas, sai samarin arewa suka riƙa ajiye fartanya suna shiga soja. A 1907 Tamale ta zama hedkwatar yankin arewa.

A lokacin, idan saurayi ya zo shiga soja, magatakarda yakan rubuta sunansa, sa'an nan ya ɗora masa sunan ƙabilarsa. Shi ya sa littafin rundunar ya cika da su Musa Moshi, da su Ali Fulani, da Grunshi barkatai. Ta haka aka san Alhaji Grunshi.

Rundunar da ya shiga ta samo asali daga ƴan sandan Hausawa da aka kawo daga Najeriya. Da Hausa ake ba da umurni, da Hausa ake faretin safe. Ko Bature hafsa sai ya koyi Hausa. Taken rundunar ma na Hausa ne: Kullum Shiri.

Ranar 4 ga Agusta 1914 Ingila ta shiga yaƙi da Jamus. Wannan shi ne Yaƙin Duniya na Ɗaya. A lokacin Togo tana hannun Jamus, tsakanin Gwalkwas ta Ingila da Dahome ta Faransa. Ƙasa ce ƙarama, amma tana da abin da ya tsone wa Ingila ido. A Kamina Jamusawa sun kafa tashar wayar iska mai dogayen turakun ƙarfe. Daga nan suna magana kai tsaye da ƙasarsu, suna kuma aika saƙo ga jiragen ruwansu da ke cikin teku. Ingila ta ƙudura sai ta rufe bakin wannan tasha.

Sojojin Gwalkwas suka ƙetare iyaka, suka shiga Lome ranar 7 ga Agusta. Jamusawa sun riga sun janye arewa, suna karya gadojin jirgin ƙasa a bayansu. Ba su da rundunar soja a Togo, sai ƴan sanda baƙar fata, har da Hausawa a cikinsu. A kwanakin nan ne ƴan sintirin da Grunshi yake ciki suka yi kiciɓis da su a kudancin ƙasar. Aka buɗe musu wuta. Grunshi ya ɗaga bindiga ya mai da martani.

Masu tarihi sun ɗauki wannan harbi a matsayin na farko da wani sojan ƙasa na Ingila ya yi a dukan yaƙin. A Turai sojan Ingila bai harba bindiga ba sai ranar 22 ga Agusta, a ƙasar Beljiyam. Ɗan ƙabilar manoma ya riga shi, a yaƙin da ba kakanninsa suka tayar ba.

Daga Lome zuwa Kamina kimanin kilomita 160 ne, ga damina, ga ciyawa ta fi tsawon mutum. Ranar 22 ga Agusta aka gwabza a bakin kogin Kra. Jamusawa sun haƙa ramuka, sun girka bindigogi masu ruwan harsashi. Sojojin Faransa baƙar fata da suka zo daga Dahome sun yi yaƙi kafaɗa da kafaɗa da na Gwalkwas, an kuma kashe da yawa daga cikinsu. Da dare Jamusawa suka sulale. Daren 24 ga wata suka rushe tasharsu da hannunsu, ranar 26 suka miƙa wuya.

A arewa ma an ga canji. Tun 1899 Turawa sun raba ƙasar Dagomba biyu: Tamale wajen Ingila, Yendi, inda sarkinsu Ya Na yake, wajen Jamus. A wannan wata na Agusta aka karɓe Yendi, daga baya ƙasar ta sake haɗuwa.

Grunshi bai koma gida ba. An tura rundunarsa Kamaru, inda aka yi ta fafatawa cikin kurmi har farkon 1916. A watan Yuli na wannan shekara aka zuba su a jirgin ruwa zuwa gabashin Afirka, don su bi sawun janar ɗin Jamus Lettow-Vorbeck. Can ne wahala ta kai maƙura. Tafiyar ƙasa ta yi yawa, abinci ya yi kaɗan. Zazzaɓin cizon sauro da atuni sun kwantar da mutane fiye da harsashi, musamman ƴan dako masu ɗaukar kaya a ka. Sun bi abokan gaba daga Tanganyika har cikin Mozambik, ba su dawo ba sai 1918.

A watan Maris 1918 an ambaci sunan Grunshi cikin rahoton yabo na manyan hafsoshi, yana las kofur. A watan Maris 1919, yana da igiyar saje, aka ba shi lambar jarumta saboda yaƙin gabashin Afirka.

Togo kuwa, Ingila da Faransa suka raba ta. Kashin Ingila ya shiga cikin Gana a 1957, kashin Faransa ya sami ƴancin kai a 1960. A Kamina har yanzu ana ganin kangon tashar da guntayen ƙarafanta cikin ciyawa.