Peter Cushing: Daktan da Ba a Saka Shi a Lissafi Ba

Duk wanda ya taɓa miƙa wayarsa a shagon masu tura fim a Rano ko Kibiya ya san fim ɗin Indiya mai fassarar Hausa. An canza wa jarumi suna, an ƙara barkwancin da babu shi a asali, amma wani lokacin ya fi na asalin shiga rai. Sai gardama ta tashi a majalisa: wanne ne na gaske? To, Turawan Ingila ma suna da irin wannan gardamar, sun kusa shekara 60 suna yin ta a kan mutum ɗaya. Sunansa Peter Cushing.

Bari mu fara da shirin da ya jawo maganar. Doctor Who shirin talabijin ne na BBC da aka fara haskawa ranar 23 ga Nuwamba, 1963. Jarumin, wanda ake kira Dakta, ba likitan asibiti ba ne. Baƙo ne daga wata duniya, yana yawo tsakanin zamanin da da zamanin da bai zo ba a cikin wata na'ura mai suna TARDIS. Daga waje rumfar wayar 'yan sanda ce shuɗiya, ciki kuwa fili ne makeke. Dabarar da ta sa shirin ya daɗe ita ce, idan ɗan wasa zai bari, sai a ce jikin Dakta ya sabunta, wani ya karɓa. Shi ya sa masoyan shirin suke da lissafi: William Hartnell na 1, Patrick Troughton na 2, har zuwa Ncuti Gatwa, haifaffen Ruwanda, na 15. Ku duba lissafin nan sama da ƙasa, babu Cushing. Alhali sau biyu ya fito a matsayin.

An haife shi ranar 26 ga Mayu, 1913, a Kenley da ke kudancin Ingila. Mahaifinsa ma'aikacin ƙiyasin kuɗin gine-gine ne, kuma shi ya sama masa aiki a ofishin safiyo na ƙaramar hukuma. Yaro ya yi kusan shekara uku a can, jiki a ofis, zuciya a dandalin wasan kwaikwayo. A 1936 ya samu ɗan ƙaramin aiki a gidan wasa na garin Worthing, a 1939 kuma ya tsallaka Amurka neman sa'a a Hollywood. Abin da ya samu bai taka kara ya karya ba, sai 'yan fitowa nan da can, har da wani fim na 'yan barkwancin nan Laurel da Hardy. Yaƙin Duniya na Biyu na ci ya koma gida. Rashin lafiya ya hana a ɗauke shi soja, sai ya shiga ƙungiyar da ke nishaɗantar da sojoji. A nan ya haɗu da Helen Beck, suka yi aure a 1943.

Shekarun bayan yaƙi sun ba shi wuya. Akwai lokacin da zanen ɗankwalin mata ne yake ciyar da gidansa. Helen ce ta yi ta tura shi ya nemi aiki a talabijin, lokacin manyan 'yan wasa suna raina ta. Shawarar ta yi rana. A 1954 ya ja ragamar wasan Nineteen Eighty-Four na BBC, duk Ingila ta san fuskarsa. Daga nan kamfanin Hammer ya ɗauke shi fina-finan ban tsoro: The Curse of Frankenstein a 1957, Dracula a 1958, shi da amininsa Christopher Lee. Abin mamaki, mutumin da ke tsorata jama'a a sinima, abokan aikinsa sun san shi da kunya, ladabi da taushin hali.

Yanzu ga inda gizo yake saƙar. A tsakiyar shekarun 1960 yaran Ingila sun haukace a kan Dalek, mugayen halittun shirin Doctor Who masu zama cikin sulken ƙarfe. Furodusoshi biyu, Milton Subotsky da Max Rosenberg, suka sayi izini don mayar da labarin fim ɗin sinima. Ku lura, izini suka saya, ba satar fasaha ba ce. Suna son sunan da za a gane har a Amurka, sai suka kira Cushing. Aka fitar da Dr. Who and the Daleks a 1965, sai Daleks' Invasion Earth 2150 A.D. a 1966, duka da kala, lokacin da na talabijin yake baƙi da fari.

Amma fa sun taɓa labarin. Daktan Cushing ɗan'adam ne kamar ni da ku, tsoho mai farin gashin baki da son ƙere-ƙere, wanda ya haɗa TARDIS da hannunsa a bayan gidansa, yana yawo da jikokinsa. Who ɗin ma sunan gidansu ne. Na Hartnell mai faɗa ne da saurin fushi, na Cushing kuwa kaka ne mai wasa da jika. Fim na farko ya yi kasuwa sosai, na biyu bai kai shi ba, aka fasa yin na uku. Da BBC ta ci gaba da gina tarihin Dakta a matsayin baƙo daga duniyar Gallifrey, sai na Cushing ya rasa wurin zama a cikin labarin. Haka ya zama ɗan bora.

Sai dai akwai abin da masu lissafi ke mantawa. Kafin Troughton ya karɓi matsayin a ƙarshen 1966, Cushing ya riga ya nuna cewa wata fuska daban za ta iya ɗaukar Dakta kuma jama'a su biya kuɗi su kalla. Ga kuma wani abu: BBC da kanta ta goge faya-fayan shirin da yawa a wancan zamani don ta sake ɗaukar wasu shirye-shirye a kansu. Har yau fiye da kashi 90 na shirin sun ɓace. A 2013 aka sanar da gano kashi 9 daga cikin ɓatattun, kun san a ina? A ɗakin ajiyar wata tashar talabijin a Jos, nan Najeriya, domin tashoshinmu sun sayi shirin tun wancan lokaci. Fina-finan ɗan bora kuwa suna nan cif, har an sake wanke su an nuna a sinima a 2022.

Helen ta rasu a Janairun 1971, kuma Cushing bai sake komawa daidai ba. Ya rame, ya tsufa lokaci guda, ya riƙa karɓar aiki ba hutu don ya rage kewa. A haka ya fito a Star Wars na 1977 a matsayin mugun kwamanda Tarkin. Takalman sojan da aka ba shi sun matse shi, sai ya yi yawancin wasan da silifas, kyamara tana ɗaukarsa daga sama. Sarauniya ta ba shi lambar girma ta OBE a 1989. Ya rasu ranar 11 ga Agusta, 1994, a Canterbury, yana da shekara 81, bayan ya daɗe yana fama da ciwon daji.

Shekara 22 bayan rasuwarsa, a 2016, sai ga Cushing a sabon fim, Rogue One. Wani ɗan wasa mai suna Guy Henry ne ya yi motsin da muryar, aka ɗora masa fuskar mamacin da kwamfuta, da izinin masu kula da gadonsa. Maganar sai da ta kai kotu a Landan, inda wani kamfanin tsohon abokinsa ya ce shi ma yana da hakki a kai. Ku dubi yadda abin ya juye. Daktan da ya yi da jikinsa da guminsa an ce ba ya cikin labari, Tarkin ɗin da aka yi yana kabari kuwa shi ne mai hatimin kamfani.

Wannan ya shafe mu kai tsaye, 'yan'uwa. Yau da waya kawai ana ɗora fuskar mutum a bidiyon da bai san da shi ba, ana saka masa maganar da bai faɗa ba, mu kuma muna turawa a WhatsApp da TikTok muna dariya. Cushing aƙalla an nemi izinin wasu a madadinsa. Kafin ka danna tura irin wannan bidiyon, tambayi kanka: mai fuskar nan, yana raye ko ya rasu, wa ya nemi izininsa?