Al-Kindi: Malamin da ya iya buɗe rubutun sirri, aka kwashe masa littattafai

Ana kiran Abu Yusuf Yaƙub ɗan Ishaƙa al-Kindi da Failasufin Larabawa. An haife shi a Kufa wajajen shekara ta 801, mahaifinsa kuwa gwamnan garin ne. A Bagadaza ya yi suna, zamanin halifofi Ma'amun da Mu'utasim, har shi ya karantar da Ahmad ɗan Mu'utasim. Yana duba aikin masu fassara littattafan Girkawa zuwa Larabci, shi ma ya rubuta littattafai sama da 200. Akwai na falsafa da lissafi, akwai na turare da takubba. Har da wanda ya yi kan auna ƙarfin magungunan da aka haɗa ta hanyar lissafi, abin da duk mai aikin jinya zai jinjina masa a kai.

Amma abin da masana tsaron kwamfuta suka fi tuna shi da shi wata 'yar risala ce kan warware rubutun sirri. A da, mai son ɓoye saƙo yakan musanya kowane harafi da wata alama. Al-Kindi ya nuna cewa wannan ba ɓoyo ba ne. Kowane harshe yana da haruffan da suka fi yawan fitowa, a Larabci alif da lam ne, kamar yadda "a" ya cika Hausa. To sai a ƙirga alamomin saƙon, wadda ta fi yawa a gwada ta da harafin da ya fi yawa, a bi su ɗaya bayan ɗaya har magana ta fito. Bayaninsa shi ne mafi daɗewa da aka sani kan wannan dabara. Rubutun ya daɗe ajiye a ɗakin karatu na Sulaimaniyya a Istanbul kafin a buga shi a Dimashƙa a 1987.

Sai dai duk wannan basira ba ta tsare masa kayansa ba. Zamanin halifa Mutawakkil, wasu manyan masana 'yan'uwan juna, Banu Musa, suka haɗa shi da fada, aka kwashe littattafansa kaf. Kun ga ba ɓarayin titi ba ne, abokan sana'a ne. Yadda Ibn Abi Usaibi'a ya kawo labarin, an dawo da su ne don Banu Musa sun shiga uku: aikin haƙa magudanar ruwa da halifa ya ba su ya samu kuskure, aka kira masanin taurari Sanad ɗan Ali ya duba. Sanad ba ya ma shiri da al-Kindi, amma ya ƙi rufa musu asiri sai sun mayar wa mutum littattafansa.

Wannan wuri ne ya fi taɓa ni, don manazarcin yau ɗakin karatunsa na cikin kwamfuta, kuma ba sai da umarnin halifa ake kwashe shi ba. A 2018 Amurka ta tuhumi Iraniyawa 9 da kutse a jami'o'inta 144 da wasu 176 a ƙasashen waje. Ba wani lissafi suka karya ba, saƙonnin imel na yaudara suka aika wa malamai, suka samu shiga asusu kimanin 8,000. A 2020 Jami'ar Kalifoniya ta San Faransisko ta biya fansar dala miliyan 1.14 bayan an kulle bayanan makarantarta ta likitanci. Farfesa ya san fanninsa, amma gane saƙon bogi da ajiye kwafin aiki a wani wuri daban aikin ma'aikatan tsaron kwamfuta ne, waɗanda ba a cika tuna su ba sai ta ɓaci.

Al-Kindi bai sake samun matsayinsa na da a fada ba. Ya rasu a Bagadaza wajajen 870. Yawancin littattafansa sun ɓace daga baya, wasu kuwa fassararsu ta Latin kawai ta rage.